Kare Mai Ɗingishi: Kada a Ba Shi Maganin Ciwo na Mutane

Ƴan uwa manoma da makiyaya, a garin Tirmini da ƙauyukan da ke kewaye da shi, kare ma'aikaci ne. Shi ke gadin gida da dare. Shi ke tsare garke daga dila da ɓarawo. Da kaka yana kwana kusa da dammunan gero kafin a kai su rumbu. Da rani kuma, idan an gama aikin gona, shi ke gaban mafarauta a daji.

Saboda haka idan kare ya fara ɗingishi, mai shi yakan damu. Tausayi yakan sa ya kwance ƙullin maganin da ke ɗaki. Ko kuma ya tsaya wurin mai tallan magani a bakin kwalta, ya sayi ƙwaya 2 ko 3. Ya cusa su cikin lomar tuwo, ya jefa wa kare. Niyyarsa mai kyau ce. Amma sau da yawa waɗannan ƙwayoyi sun fi ɗingishin haɗari. Ƙafar da ƙaya ta soka tana warkewa cikin ƴan kwanaki. Ƙodar da magani ya lalata kuwa, wani lokaci ba ta sake komawa daidai. Garin neman gira ke nan a rasa ido.

ME KE SA KARE ƊINGISHI?

Ɗingishi alama ce. Kare ba ya magana, sai ya ɗaga ƙafa don ya nuna akwai abin da ke damunsa. Aikin mai shi na farko shi ne ya gano wannan abu. Ga waɗanda aka fi gani a ƙasarmu:

1. Ƙaya. Ƙayar aduwa ko ta farar ƙaya tana shiga tafin ƙafa ta karye a ciki. Ƙarangiya da tsidau suna maƙalewa tsakanin yatsu.
2. Yanka. Fasasshen kwalba, gwangwani ko tsohuwar waya suna tsaga tafin ƙafa.
3. Zafin ƙasa. A watannin Afrilu da Mayu yashi da kwalta suna ƙona tafin ƙafar kare, musamman da tsakar rana.
4. Kaska. Tana ɓuya tsakanin yatsu. Tana kuma sa wa kare cutar da ke kawo zazzaɓi da ciwon gaɓɓai.
5. Bugu. Jifan yara, shurin jaki, ko babur da mota a kan babbar hanyar da ta tashi daga Damagaram zuwa Takeita da Maraɗi. Wannan yana kawo targaɗe, gocewar ƙashi ko karaya.
6. Cizo da harbi. Faɗa da wani kare, harbin kunama, ko saran maciji irin su kububuwa.
7. Tsufa. Gaɓɓan tsohon kare suna sandarewa, ya riƙa tashi da ƙyar da safe, musamman lokacin ɗari.
8. Ciwon haukan kare. Wani lokaci yana farawa da mutuwar ƙafafun baya.

Ku duba wannan jeri da kyau. Babu ko ɗaya a cikinsa da ƙwayar kashe ciwo take warkarwa. Ƙwaya ba ta fitar da ƙaya. Ba ta ɗora ƙashi. Ba ta kashe dafin maciji. Abin da take yi kawai shi ne rufe ciwon na ɗan lokaci.

Ciwon kuwa yana da nasa amfani. Shi ke hana kare taka ƙafar da ta ji rauni. Idan aka rufe shi da magani, kare zai tashi ya bi zomo a guje. Tsagewar ƙashi da ba ta kai ta kawo ba sai ta koma cikakkiyar karaya.

JIKIN KARE DABAM DA NA MUTUM

Hausawa sun ce abincin wani gubar wani. Haka abin yake ga magani. Akwai dalilai 3.

Na farko, nauyi. An auna ƙwayar magani ne don babban mutum mai kilo 60 ko fiye. Karen ƙauye da wuya ya wuce kilo 20. Da yawa ma ba su wuce kilo 15 ba. Wanda ya ba irin wannan kare ƙwaya 1, kamar ya ba mutum ƙwaya 4 ne a lokaci guda.

Na biyu, hanta. Hanta ita ce ke narkar da magani don jiki ya fitar da shi. Hantar kare ba ta aiki kamar tamu. Wasu magungunan, idan hantar kare ta zuba su cikin hanji, sai hanjin ya sake tsotse su ya mayar cikin jini. Haka za su yi ta zagaye a jikinsa. Idan aka ƙara masa wata ƙwaya washegari, sai ta tarar da ragowar ta jiya.

Na uku, yadda maganin yake aiki. A cikin jiki akwai wasu sinadarai masu kai saƙon ciwo da kumburi. Yawancin magungunan ciwo suna danne su ne. To, amma waɗannan sinadarai suna da wasu ayyuka 2. Su ke sa tumbi ya shafe cikinsa da wani abu mai yauƙi, don kada ruwan narkar da abinci ya ci shi. Su ke kuma buɗe hanyar jini zuwa ƙoda. Idan aka danne su, tumbi zai rasa kariya, ƙoda kuma ta rasa jini. Tumbin kare da ƙodarsa sun fi namu saurin jin wannan lahani.

A ƙasa mai zafi kamar tamu haɗarin ya fi yawa. Kare mai ciwon ƙafa ba ya iya zuwa inda ruwa yake. Jikinsa yakan bushe. Ƙodar da ke fama da ƙishirwa ita ce magani ya fi saurin kashewa.

KU KARANTA SUNAN DA KE JIKIN KWALI

Yanzu da Allah ya sa mun iya karatu, kada mu ƙara sanin magani da launinsa kawai, mu ce ja ko fari ko mai kai biyu. Kowane magani yana da suna a jikin kwali ko a bayan takardarsa. Kusa da sunan akwai lamba, da haruffa 2, mg. Ma'anarsu miligiram, wato ma'aunin ƙarfin ƙwayar. Ga sunayen da ya kamata mai kare ya sani.

Ibuprofène ko Ibuprofen. Mutane suna shan sa don ciwon jiki da ciwon haƙori. Ga kare guba ne. Likitocin dabbobi sun gano cewa miligiram 25 ga kowane kilo na nauyin kare ya isa ya kawo amai, zawo da ciwon ciki. Mu yi lissafi. Ƙwaya 1 tana da miligiram 400. A raba 400 gida 15, za a samu kusan 27. Ke nan ƙwaya 1 tak ta wuce iyaka ga kare mai kilo 15. Idan kuma ana ba shi kaɗan-kaɗan kowace rana, gyambo zai fito a tumbinsa. Gyambon yana iya hudewa, kare ya mutu.

Diclofénac ko Diclofenac. Manoma sun san shi don ciwon baya da gajiyar noma. Aikinsa irin na wanda ya gabata ne, yana cin tumbi da ƙoda. Akwai kuma na shafawa. Kada a shafa wa kare shi, domin zai lashe ya haɗiye.

Aspirine ko Aspirin. Yana sa tumbin kare ya yi jini. Yana kuma hana jini daskarewa. Idan maciji ne ya sari kare, ko yana da rauni a ciki, wannan magani zai ƙara zubar jinin.

Paracétamol ko Paracetamol. Shi ne aka fi samu a kowane gida. Lahaninsa yana kan hanta da jini. Daga miligiram 100 ga kowane kilo, hantar kare tana fara lalacewa. Ƙwaya 3 masu miligiram 500 sun kai wannan adadi ga kare mai kilo 15. Ga kwikwiyo mai kilo 5, ƙwaya 1 ta isa. Gaskiya ne likitan dabbobi yakan ba kare wannan magani wani lokaci. Amma shi yana aunawa ne daidai da nauyin karen, na ƴan kwanaki. Kyanwa kuwa, ba a ba ta shi ko kaɗan. Ƙwaya 1 tana kashe ta.

Tramadol, wanda ake ce wa tramol. Wanda ake bayarwa a asibiti yakan zama miligiram 50 ko 100. Na bayan fage yakan kai 200 ko 225. Idan ya yi wa kare yawa, yana kawo tangaɗi, rawar jiki da farfaɗiya. Ga shi kuma amfaninsa ga kare kaɗan ne. A shekarar 2018 likitocin dabbobi a Amurka sun gwada shi a kan karnuka masu ciwon gaɓɓai, suka ga bai rage musu ciwon ba.

Dexaméthasone ko Dexamethasone. Yana sauke kumburi, amma yana rage ƙarfin jiki wajen yaƙi da ƙwayoyin cuta. Idan aka haɗa shi da ɗaya daga cikin magunguna 3 na farko, tumbi yana iya hudewa cikin ƴan kwanaki.

Akwai kuma ƙwayoyin gajiya masu haɗa magani 2 ko 3 wuri guda. Wasu har da sinadarin nan na cikin goro da gahawa mai hana barci. Shi ma yana cutar da zuciyar kare.

Ku ƙara da wannan. Maganin da ake talla a kan faranti yana yini cikin rana. Yawancin magunguna ana so a ajiye su inda zafi bai wuce digiri 25 ko 30 ba. A ƙasar Damagaram kuwa, da bazara zafi yana wuce digiri 40. A shekarar 2017 Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana cewa a ƙasashe masu tasowa, kimanin magani 1 cikin 10 jabu ne ko maras inganci. Wanda ya sayi ƙwaya tsirara, ba kwali ba suna, bai san abin da ya saya ba.

ALAMUN KARE YA SHA GUBAR MAGANI

Wani lokaci ba mai kare ne ya ba shi ba. Kare da kansa yakan tauna takardar magani idan ya tsince ta a ƙasa. Alamun suna iya fitowa cikin sa'o'i kaɗan. Na ƙoda da na hanta sukan ɗauki kwana 1 zuwa 3. Ku lura da waɗannan:

1. Amai, wani lokaci da jini.
2. Kashi baƙi ƙirin, mai danƙo kamar kwalta. Jinin tumbi ne ya narke a ciki.
3. Ƙin abinci, da lanƙwashe baya saboda ciwon ciki.
4. Yawan shan ruwa da yawan fitsari, daga baya fitsarin ya ɗauke.
5. Dasashi ya yi fari fat, ko ya koma ruwan ƙasa.
6. Kumburin fuska da na dagi, da numfashi da ƙyar.
7. Idanu su yi ɗorawa kamar mai shawara.

Idan kun san kare ya sha irin wannan magani, kada ku jira alamu. Ku daina ba shi nan take. Ku nemi likitan dabbobi ko ma'aikacin kiwo mafi kusa. Sa'o'i 2 na farko su ne suka fi muhimmanci, kafin maganin ya gama shiga jini. Ku tafi da kwalin ko takardar maganin. Ku faɗi ƙwaya nawa ya sha, da ƙarfe nawa. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Likita ba zai iya taimako ba sai ya san gaskiya.

Kada a ɗura wa kare madara, man gyaɗa, ruwan kanwa ko ruwan gishiri don ya yi amai. Ɗuran yana iya shiga huhu. Gishiri mai yawa kuma shi ma guba ne. A ajiye masa ruwa mai tsabta kusa da shi, ya sha da kansa.

HATTARA DA CIWON HAUKAN KARE

Wannan shi ne babban haɗari ga mutanen gida. Mai son ba kare ƙwaya yakan buɗe bakinsa da hannu. Idan karen yana ɗauke da ciwon hauka, ƙwayar cutar tana cikin yawunsa. Cizo, yakushi, ko yawu a kan ɗan ƙaramin rauni ya isa ta shiga jikin mutum.

Mutane da yawa sun ɗauka mahaukacin kare sai mai gudu yana cizon duk abin da ya gani. Wannan iri ɗaya ne. Akwai iri na biyu, mai shiru. Karen yakan ɓuya a lungu. Ƙafafunsa na baya su yi sanyi, ya riƙa jan su ko yana tangaɗi. Haɓarsa ta saki, yawu ya riƙa dalala. Muryarsa ta canza. Ya kasa haɗiya, kamar ƙashi ya maƙale masa a wuya. A nan ne mai tausayi yake zura hannu don ya ciro ƙashin da babu shi.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa wannan ciwo yana kashe mutum kimanin 59,000 kowace shekara. Kusan dukansu a Afirka da Asiya suke. Cikin mutum 100 da suka kamu, kusan 99 daga kare suka samu. Cikin mutum 10 da karen da ake zargi ya ciza, 4 yara ne ƴan ƙasa da shekara 15. Idan alamun ciwon suka bayyana a jikin mutum, da wuya ƙwarai ya tashi. Amma kafin su bayyana akwai mafita. Tun shekarar 1885 wani masani ɗan ƙasar Faransa, Louis Pasteur, ya ceci wani yaro da mahaukacin kare ya ciza, ta hanyar allura.

Idan kare ya ciji mutum ko ya yakushe shi:

1. A wanke wurin da ruwa da sabulu har minti 15. A yi ta zuba ruwa, kada a gaji.
2. Kada a rufe raunin da toka, ƙasa, barkono ko gashin karen.
3. A tafi asibiti a ranar. Ma'aikatan lafiya za su duba, su nuna inda za a samu allurar.
4. A cika allurar duka, a ranakun da aka faɗa.
5. A tsare karen a wuri guda har kwana 10, a sanar da ma'aikatan kiwo. Kare mai wannan ciwo yakan mutu cikin waɗannan kwanaki. Amma kada a jira su cika kafin a kai mutum asibiti.

Rigakafi ya fi magani. Ana yi wa kare allurar rigakafin hauka tun yana wata 3. A sake ta duk lokacin da likita ya faɗa, yawanci shekara-shekara. A ajiye takardar shaida. Masana sun nuna cewa idan aka yi wa karnuka 7 cikin 10 na yanki allura, cutar tana daina yawo. Ranar 28 ga Satumba ta kowace shekara ita ce ranar yaƙi da wannan ciwo a duniya.

IDAN AN GA FARIN ZARE A ƘAFA

Dattawan Tirmini ba su manta da kurkunu ba. A binciken da aka yi a shekarar 1991, an samu kimanin mutum 33,000 masu kurkunu a Nijar. Jihar Damagaram ce ta fi kowace yawansu. Da tace ruwa, da gina rijiyoyi, da ƙoƙarin jama'a, aka ga bayansa. A shekarar 2013 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba Nijar shaidar rabuwa da kurkunu.

Amma a maƙwabciyarmu Chadi, tun shekarar 2012 aka fara ganin kurkunu a jikin karnuka. A shekarar 2019 an ƙirga kusan kare 2,000 masu shi. Yawanci a ƙafa yake fitowa, kare ya riƙa ɗingishi yana lasar wurin. Mutane da dabbobi suna kai da kawowa tsakanin ƙasashen, don haka sa ido wajibi ne. Duk wanda ya ga wani abu fari kamar zare yana fitowa daga ƙafar kare, ya ɗaure karen. Kada ya bar shi ya shiga tafki ko ya kusanci rijiya. Kada ya fizge zaren. Ya sanar da asibiti mafi kusa a ranar. Babu ƙwayar da ke maganin kurkunu.

ABIN DA ZA A IYA YI A GIDA

Hana ƙwaya ba ya nufin a bar dabba cikin wahala. Malamai sun sha faɗa mana ladan da ke cikin tausaya wa kowane mai rai. Ga taimakon da ba ya cutarwa.

Da farko a tsaya nesa a duba. Yana cin abinci? Yana shan ruwa? Ya san mai shi? Idan halinsa ya canza, ko yawu yana dalala, ko yana jan ƙafafun baya duka 2, kada kowa ya taɓa shi. A janye yara, a kira ma'aikacin kiwo.

Idan yana cikin hankalinsa, babban mutum wanda karen ya saba da shi ne zai duba. Ba aikin yara ba ne. Kare mai jin ciwo yana cizon ko da mai shi. A sami ƙyalle mai faɗi a naɗe masa baki, a ƙulla a bayan kunnuwa. Kada ya wuce ƴan mintoci, domin da baki kare yake fitar da zafin jikinsa. Kada a ɗaure bakin kare mai amai ko mai numfashi da ƙyar.

A fara daga ƙasa a yi sama. A duba farce, tafin ƙafa da tsakanin yatsu. A shafa ƙafar a hankali, a gwada ta da ƴar uwarta. A lura da kumburi, zafi ko rauni.

Idan ƙaya ce, a cire ta da matsefata mai tsabta. Idan kaska ce, a kama ta dab da fata a ja a hankali, kada a fasa ta da yatsu. A tafasa ruwa rabin lita, a zuba gishiri ƙaramin cokali 1, a bari ya huce. A wanke raunin da shi safe da yamma. Kada a sa baƙin mai, kashin shanu, garin batir ko maganin ƙwarin gona.

Idan an naɗe da ƙyalle, kada a matse. A canza shi kullum. Idan kumburi ne ba rauni, a jiƙa tsumma da ruwan randa, a ɗora minti 10, sau 3 a yini.

Sai hutu. Hutu shi ne babban maganin targaɗe. A ɗaure kare a inuwa, a shimfiɗa masa tsohon buhu. A kawo ruwa da abinci kusa da shi. Ba farauta, ba bin garke, har sai ya taka ƙafar sosai na kwana da kwanaki.

YAUSHE ZA A NEMI LIKITAN DABBOBI?

A neme shi a ranar idan an ga ɗaya daga cikin waɗannan:

1. Kare ba ya taɓa ƙasa da ƙafar ko kaɗan.
2. Ƙafar tana lilo, ta karkace, ko ƙashi ya fito.
3. Jini ya ƙi tsayawa.
4. Kumburi yana hawa da sauri, kamar na saran maciji.
5. Rauni yana wari ko yana fitar da mugunya.
6. Kare ya daina ci, jikinsa ya yi zafi.

Idan babu ko ɗaya, amma an yi kwana 2 ɗingishin bai ragu ba, a neme shi. Akwai ma'aikatan kiwo na hukuma, akwai kuma likitocin dabbobi masu zaman kansu da mataimakansu da ke zagaya ƙauyuka. Wanda ke yi wa awakinku allura zai iya nuna muku hanya. A riƙe lambar wayarsa.

Akwai magungunan ciwo da aka yi domin kare. Daga cikinsu akwai Méloxicam da Carprofène. Su ma ba a ba da su da ka. Likita zai duba nauyin kare da shekarunsa. Zai tambaya ko yana amai, ko karya ce mai ciki. Zai tambaya ko an riga an ba shi wani magani. Idan an ba shi na mutane, dole a dakata kwanaki kafin a fara na kare, don kada su haɗu a jiki. Kun ga ke nan ƙwayar gaggawa tana jinkirta maganin gaskiya.

Idan likita ya ba da magani, a ba da shi tare da abinci, daidai yadda ya faɗa. A tabbata akwai ruwan sha kullum. Idan aka ga amai ko baƙin kashi, a tsaya, a koma wurinsa. Kada a ba wani kare ragowar. Kada kuma a ɗebi allurar shanu a yi wa kare. Méloxicam na shanu yakan ninka na kare ƙarfi sau 4.

DARASI DAGA ƘASAR INDIYA

Maganin da aka ba dabba ba bisa ƙa'ida ba, lahaninsa ba ya tsayawa a kanta. A shekarun 1990 makiyayan Indiya da Pakistan sun riƙa yi wa shanunsu allurar Diclofénac don ciwon ƙafa da zazzaɓi. Idan saniya ta mutu, ungulaye su ci mushen. Maganin da ya rage a naman sai ya kashe musu ƙoda. Cikin shekaru kaɗan fiye da kashi 95 cikin 100 na wasu irin ungulaye suka ƙare. Sai a shekarar 2004 masana suka gano dalili. A shekarar 2006 Indiya da Pakistan da Nepal suka hana yi wa dabbobi amfani da wannan magani.

Da ungulaye suka ƙare, mushe ya riƙa ruɓewa a fili. Karnukan da ba su da masu su suka sami abinci, suka yawaita, haɗarin cizo da ciwon hauka ya ƙaru ga mutane. Mu ma ungulu ce ke share mana bayan gari da mahauta. Ya kamata makiyayi ya yi shawara da likita kafin ya yi wa kowace dabba allurar ciwo.

A AJIYE MAGANI INDA YA DACE

A sa maganin gida cikin gwangwani mai murfi, a rataye shi sama. Ƙwayar da ta faɗi ƙasa a tsince ta nan da nan. Wanda ya lalace ko kwanansa ya wuce, kada a watsar da shi a juji inda kare da kaji da yara suke tono. A mayar da shi asibiti ko gidan magani. Wannan hattara tana kare dabba, tana kuma kare ƙananan yara. Su ma jikinsu ƙarami ne, ƙwayar manya tana yi musu yawa.

Jama'a, da muguwar rawa gara ƙin tashi. Idan karenku ya yi ɗingishi, ku duba ƙafar, ku wanke, ku ba shi hutu, ku nemi likita. Ƙwayar mutane kuwa a bar wa mutane.

Wanda ya karanta wannan shafi ya karanta wa maƙwabcinsa, musamman mafarauta da masu kiwo. Allah ya ba mu lafiya, mu da dabbobinmu.